Ɗan Hausa, Baturen Da Ya Kafa Makarantar Nasarawa

Duk wanda ya bi ta unguwar Nasarawa a Kano da wuya ya wuce bai ga wani tsohon gida na ƙasa ba, mai kaurin bango da zankwaye, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Mutane da yawa sun san gidan, amma kaɗan ne suka san tarihin mai shi. Alhali kuwa duk yaron da ya rataya jaka da safe ya nufi makarantar gwamnati, ko a cikin birnin Kano, ko a Dutse, ko a Jahun, sawun mutumin nan yake bi, ya sani ko bai sani ba. A wancan zamani ƙasashen nan duka a ƙarƙashin Sarkin Kano suke, kuma daga Nasarawa ne ilmin boko na gwamnati ya kama ƙasa, sa'an nan ya bazu cikin lardunan Arewa. Saboda haka wanda ke son ya gane halin da makarantunmu ke ciki, ya kamata ya fara da sanin wanda ya aza harsashinsu, da abin da ya gyara, da kuma abin da ya bari a baya.

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi ran 14 ga Satumba, 1876, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Ya yi karatu a ƙasarsu da Jamus, daga nan ya haye Ingila ya shiga Jami'ar Kambirij. Zuwansa na farko ƙasar nan a 1901 ne, kuma ba da aikin gwamnati ya zo ba, ya zo ne cikin 'yan mishan masu nufin shiga ƙasar Hausa. Shekara guda kafin isowarsa, watau a 1900, wata ƙungiyarsu ta isa har Kano, cikinsu har da Likita Mila wanda daga baya ya zauna Zariya, amma Sarkin Kano Alu ya ce su fita masa daga gari. Vischer bai daɗe cikin aikin mishan ba. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno ya zama mataimakin Razdan.

A Barno ne halinsa ya fara bayyana. Mutum ne mai kunnen harshe, mai son zama da jama'a da sauraron zancensu. Ya iya Jamusanci da Faransanci da Ingilishi tun daga gida, a nan kuma ya ƙware da Hausa, ya tsinci Larabci da Barbarci. A 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya komo ta teku kamar sauran Turawa, sai ya sauka Tarabulus ya haɗa ayari, ya keto Sahara ta Murzuk da Bilma har Tafkin Chadi. Cikin ayarin nan akwai alhazai masu komowa gida da 'yantattun bayi masu neman ƙasarsu ta haihuwa. Sun yi watanni a hanya, sun sha ƙishirwa da barazanar mahara. Labarin tafiyar nan ya buga shi littafi a 1910. Iya Hausarsa da sanin al'adun mutane su ne suka sa aka laƙaba masa sunan Ɗan Hausa, sunan da ya danne na yanka har yau.

A lokacin nan Gwamnatin Arewa tana cikin wata matsala. Tana bukatar ma'aikatan da za su rubuta haraji, su riƙe littattafan baitulmali, su auna ƙasa, amma akawunan da take da su galibi daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas aka kawo su. Ba wai ƙasar ba ta da ilmi ba ne. Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai wajen 25,000, da almajirai kimanin 250,000, ban da zaurukan manyan malamai inda ake karanta fiƙihu da nahawu da tafsiri. Sai dai ilmin nan da Larabci da ajami yake tafiya, Turawa kuwa boko suke so. Ga shi kuma Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, don haka ba dama a saki 'yan mishan su buɗe makarantu a ƙasashen Musulmi kamar yadda suka yi a Kudu, inda tun 1859 aka buɗe makarantar sakandare a Ikko. Tilas gwamnati ta gina tata makaranta, ta kuma samo wanda jama'a za su yarda da shi.

Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, shi ne ya zaɓi Ɗan Hausa a 1908. Kafin ya fara aiki sai da aka aike shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya dubo yadda suke tafiyar da makarantunsu. Da ya komo, a 1909, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Ba da jimawa ba aka naɗa shi Darektan Ilmi na Arewa, shi ne kuwa na farko da ya riƙe muƙamin.

Abin lura a nan shi ne inda ya fara. Bai fara da tara yara ba, da malamai ya fara. Ajin farko na manyan mutane ne waɗanda suka riga suka yi karatun Alƙur'ani da littattafai, aka koya musu karatu da rubutun boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, don su ne za su koyar da na baya. Bayan wannan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da makarantar elementare, da ta sana'a inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa. Da Hausa ake koyarwa, Ingilishi sai an yi nisa. Karatun addini da Larabci suna hannun malaman ƙasa. Ɗakunan karatu na ƙasa ne, maginan Kano suka gina su. Yara suna sanye da rigunansu da hulunansu na gida, suna zaune rukuni rukuni bisa ga lardunan da suka fito, suna salla a kan lokaci. Nufinsa shi ne yaro ya yi boko ba tare da ya zama baƙo a gidan ubansa ba. Kuɗin tafiyar da makarantar kuwa, ban da na gwamnati, baitulmalin En'e yana ba da nasa kaso, iyayen 'ya'yan sarakuna kuma suna biyan kuɗin makaranta.

Ya kuma lura cewa ba a koyar da harshe sai an daidaita rubutunsa, domin a lokacin kowane Bature yadda kunnensa ya jiye masa yake rubuta Hausa. Don haka a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko, waɗanda makarantu da ofisoshin gwamnati suka bi. An yi musu gyare-gyare daga baya, musamman a shekarun 1930 da aka shigo da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, amma shi ne ya share fagen. Matarsa Isabel ta zo ta zauna tare da shi a gidan nan na Nasarawa, ta kuma rubuta labarin zamansu da Faransanci, aka buga shi a 1917.

To, amma fa ba a taru aka rungumi makarantar nan ba. Talakawa da malamai da yawa sun dube ta da idon zargi, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Mutanen da suka ci ƙasar da bindiga jiya su ne yau suka ce a kawo 'ya'ya su koya musu, ga shi kuma an san shugaban makarantar da rigar mishan ya fara shigowa. Kalmar boko kanta a Hausa ta asali tana nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. An sha ba da labarin hakimai da dagatai waɗanda, in an ce su kawo 'ya'yansu, sai su ɓoye nasu su tura 'ya'yan barori. Da yawa daga cikin yaran nan da aka tura don a huta da su, su ne suka zama manyan ma'aikata daga baya.

Aibin da ya fi wannan girma yana cikin tsarin kansa. An gina makarantar Nasarawa don ta wadatar da En'e da ma'aikata, ta kuma shirya masu gadon sarauta. Ba a gina ta don ɗan manomin Jahun ko ɗan masaƙin Dutse ba, balle 'ya mace. Sai wajen 1930 aka buɗe wuraren karatun 'yan mata na farko a Kano da Katsina. Turawan mulki suna tsoron kada yawan 'yan boko ya kawo musu irin tsaurin idon da suka gani a Ikko da Masar, saboda haka suka riƙa sakin ilmin da ɗan cokali. Ɗan Hausa yana cikin masu wannan ra'ayi na tafiya sannu sannu, kuma ba za a wanke shi daga alhakinsa ba. Sakamakon haka shi ne ratar da ta buɗe tsakanin Arewa da Kudu, wadda ta dami shugabannin Arewa a lokacin neman mulkin kai, kuma har yanzu ba ta rufe ba.

Zamansa a Kano bai yi tsawo ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 sai ya tafi aikin soja, bai kuma sake komowa kan kujerarsa ba. Amma malaman da aka horar a Nasarawa su ne aka rarraba suka buɗe makarantun larduna. Daga waɗannan makarantu aka sami ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce kuwa ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. A ƙasar Kano, En'e ta riƙa buɗe makarantun elementare a gundumomi ɗaya bayan ɗaya, yaron da ya yi ƙwazo ya wuce Midil a birni. Daga baya makarantar Birnin Kudu ta zama matattarar 'yan gabashin Kano, ta fitar da manyan mutane masu yawa.

Shi kuwa Ɗan Hausa, daga 1923 har 1939 yana Landan yana riƙe da sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara a kan ilmi a ƙasashen Afirka da take mulki. Takardar manufa da kwamitin ya fitar a 1925 ta ɗauki ra'ayin da ya gwada a Nasarawa, cewa a daidaita makaranta da harshe da al'ada da sana'ar mutanen wurin. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, ya kuma daɗe yana yi mata sakatare. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sa a 1941. Ya rasu a Ingila ran 19 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 68.

Ƙofar da ya buɗe 'yar ƙarama, 'yan ƙasa ne suka faɗaɗa ta. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tsammani, har aka rasa azuzuwa da ƙwararrun malamai, aka riƙa ɗaukar duk wanda ya samu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, abin da aka yi a Nasarawa shekara 68 kafin nan. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni, Jahun kuma tana cikin ƙananan hukumominta. Dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, makarantun firamare suka kasance a hannun hukumomin ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse, abin da ba wanda ya yi mafarkinsa a zamanin Ɗan Hausa.

Duk da haka, wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin birane ya san ba a kai gaci ba. Akwai ajin da yara suka cika shi har baƙin ƙofa, suna zaune a ƙasa, malami ɗaya yana fama da su. Akwai yaron da zai gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, balle da Ingilishi. Mai hali ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi, ya bar wa talaka ta gwamnati. Almajirin allo kuma har yanzu yana gefe, ba a gama sulhunta karatunsa da na boko ba. Lamarin ya kai ga a 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

A nan ne tarihin mutumin nan yake da amfani gare mu. Kuskurensa shi ne ya yi makaranta don 'yan kaɗan, wannan kuwa an gyara shi, ƙofa ta buɗe ga kowa. Amma abubuwa uku da ya fara da su, watau horar da malami kafin a tara yara, da koyarwa da harshen da yaro yake ji, da neman yardar iyaye da malaman addini, su ne muka yi wa riƙon sakainar kashi. Gidansa na Nasarawa yana nan tsaye, an mai da shi gidan adana kayan tarihi, maginan gargajiya suna yi masa yaɓe in damina ta ci shi. Makarantun da suka fito daga cikinsa su ma suna bukatar irin wannan kulawa, daga hukuma da iyaye baki ɗaya. Allah ya ba shugabanninmu ikon yi, ya kuma sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.