Ben Jonson: magini da ya yi wa masu kwaɗayi dariya

Duk lokacin da na ji an damfari wani da sunan za a ninka masa kuɗi, sai Ben Jonson ya faɗo mini a rai. Marubucin wasan kwaikwayo ne na Ingila, an haife shi a 1572, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mijin mahaifiyarsa magini ne, shi ma ya taɓa aikin bulo, ya yi soja, sannan ya faɗa harkar wasa.

Mutumin fa ba kanwar lasa ba ne. A 1597 an kulle shi saboda wani wasa da hukuma ta ce tunzura jama'a ne. A 1598 ya kashe wani ɗan wasa, Gabriel Spenser, a faɗan takobi. Iya karanta Latin ne ya tsirar da shi daga rataya, kamar yadda dokar lokacin ta ba da dama, amma aka yi masa tambari da ƙarfe mai zafi a babban yatsa. A kurkukun ya koma Katolika, lokacin da mabiyanta tsiraru ne da ake yi wa kallon zargi, ya shekara 12 a ciki.

Wasansa da na fi so shi ne Volpone, wajen 1606. Attajiri ne a birnin Benis, ba shi da magaji, ya kwanta ciwon ƙarya. Masu kwaɗayin gado suka yi ta kawo kyaututtuka, ɗaya har ya miƙa matarsa. Sunayensu ma na dabbobi ne: shi kamar dila, yaronsa ƙuda, baƙinsa ungulu da hankaki. A The Alchemist na 1610 kuwa, 'yan damfara uku ne a Landan suke alƙawarin mayar da ƙarfe zinariya.

Abin da ya kama ni, Jonson bai tausaya wa wanda aka cuta ba. A wurinsa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, da macuci da wanda ya cuta duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

A 1616 Sarki James na ɗaya ya yanka masa fansho. Gobara ta cinye littattafansa a 1623, shanyewar jiki ta kama shi a 1628, ya rasu a 1637. A tsaye aka binne shi a majami'ar Westminster.