Marigayi Yinka Dare, Ɗan Ƙwallon Kwando Haifaffen Kano

An haifi Yinka Dare a birnin Kano cikin 1972. Tsawonsa ƙafa 7 ne, saboda haka ya zama ɗan wasan tsakiya a ƙwallon kwando.

Cikin 1992 ya shiga Jami'ar George Washington ta Amurka, inda Mike Jarvis ya horar da shi. Da taimakonsa jami'ar ta shiga sahun 16 na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar cikin 1993.

Amma tun horon bai kankama ba, ya bar karatu bayan shekara 2, ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauke shi cikin 1994. Ciwon gwiwa ya cinye masa shekarar farko, tauraronsa kuwa bai sake haskawa ba.

Ya rasu cikin 2004 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 31.