Herbert Chapman: Kocin da ya sauya salon wasan Arsenal

Herbert Chapman ne ya fara ciyo wa Arsenal manyan kofuna, kuma tsarin wasan da ya shimfiɗa a kulob ɗin ya zama abin koyi a Ingila har tsawon kusan shekaru 30.

An haife shi ranar 19 ga watan Janairun 1878 a Kiveton Park, wani ƙauyen mahaƙan kwal da ke yankin Yorkshire. Ya karanci aikin haƙar ma'adinai a Sheffield, ya kuma yi wasa a kulob da dama ba tare da ya yi wani fice ba.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a aikin horar da 'yan wasa. Ya lashe gasar kudancin Ingila da Northampton a 1909, amma daga baya ya faɗa cikin tsaka mai wuya, lokacin da aka kori Leeds City daga gasar lig a 1919 bisa zargin biyan 'yan wasa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta dakatar da shi, kafin ta janye hukuncin.

A Huddersfield Town ya ci kofin FA a 1922, da gasar lig a 1924 da 1925, sannan ya koma Arsenal.

Sabuwar doka

Zuwansa Landan ya zo daidai da sauya dokar satar gida. A da, sai abokan hamayya uku na tsakanin ɗan wasa da layin raga kafin a ce bai yi satar gida ba. A 1925 aka rage su zuwa biyu.

Nan take ƙwallaye suka yawaita, domin tsarin da kowa ke bi a lokacin na 'yan baya biyu ne, da 'yan tsakiya uku, da 'yan gaba biyar. A watan Oktoban shekarar Newcastle ta lallasa Arsenal da ci 7-0.

Bayan wannan kashin ne Chapman ya karɓi shawarar ɗan wasansa Charlie Buchan, ya janye ɗan tsakiya guda zuwa baya domin ya tsare ɗan gaban abokan hamayya. Sauran 'yan bayan biyu suka koma gefe, kana biyu daga cikin 'yan gaba suka ja baya suna haɗa tsakiya da gaba.

Ana kiran tsarin WM, saboda jerin 'yan wasan a fili ya yi kama da waɗannan haruffa.

Ba Arsenal kaɗai ta gwada ƙara ɗan baya na uku ba. Abin da ya bambanta Chapman shi ne yadda ya mayar da tsaro tushen kai hari. 'Yan wasansa kan bari abokan hamayya su matso, da zarar sun ƙwace ƙwallo sai Alex James ya cilla ta ga Cliff Bastin ko Joe Hulme, 'yan gefe masu gudu da ke kutsawa ciki su nufi raga. Herbie Roberts kuwa aikinsa toshe tsakiyar baya.

Sai da aka yi shekaru biyar kafin haƙa ta cimma ruwa. Arsenal ta doke Huddersfield da ci 2-0 ta ɗauki kofin FA a 1930, ta lashe gasar lig a 1931 da ƙwallaye 127, ta kuma sake lashe ta a 1933.

Chapman ya rasu ranar 6 ga watan Janairun 1934 sakamakon ciwon huhu, yana da shekaru 55. Tawagar da ya gina ta ci gasar a wannan shekara, ta kuma maimaita a 1935.

A 2011 Arsenal ta kafa mutum-mutuminsa a wajen filin wasa na Emirates.