Ladi Kwali: matar da ke bayan takardar murtala

'Yan uwana 'yan kasuwar Faraku da Jugu masu shiga Najeriya, ku juya takardar naira 20, wadda muke kira murtala. Matar da ke zaune a bayanta tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali.

Ni sana'ata jera kaya ce a wani ɗakin baje kolin zane-zane a Kwatano: mu buɗe akwati, mu kafa dandamali, mu saita fitila. Idan na je gida hutu, wasu dariya suke yi, wai ƙato da ni aikina lallaɓa tukwane. Tarihin wannan baiwar Allah ne ya cire min kunya.

An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari. Wurin wata gwaggonta ta koyi gini tun tana ƙarama, da hannu kawai, babu inji. Randunanta sun yi suna har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara su a fadarsa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe makarantar tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko.

A nan randarta ta canza. Siffar dai ta Gwari ce, da zanen kunama, ƙadangare, kada da kifi. Amma yanzu ana shafa mata ruwan ƙyalli, a gasa ta da wuta mai tsananin zafi. Sai ta yi nauyi, ta daina tsatsafa, ba ta kuma sanyaya ruwa kamar randar tsakar gida. Ta zama abin kallo. An baje kayanta a Landan a 1958, 1959 da 1962, ita ma ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Allah ya jiƙanta.

To, ka ga inda aikinmu ya shigo. Abin da ya zama na kallo, sai da mai ajiye shi daidai. Ba a ɗaukar tukunya ta baki, ta gindi ake tallafe ta da hannu biyu. A sa 'yar jakar yashi a ciki kada ta gangara. Fitila kuwa daga gefe ake haska ta, don zanen da aka tsaga ya yi inuwa ya fito. In ka haska ta gaba-da-gaba, aikin mako guda ya ɓace wa ido.

Na taɓa fasa tulun wata maginiya saboda gaggawa, ta wuya na ɗauka. Wallahi ranar ban ci abinci ba, don ita ba ta da wani irinsa. Ban taɓa riƙe randar Ladi ba, amma tun daga ranar kowace tukunya kamar tata nake ɗaukarta.

Yanzu in na shiga kasuwar Arzeke na ga mata da randunansu jere a ƙasa, nakan tsaya in duba zanen kafin in tambayi kuɗi. Ladi ma daga irin wannan layin ta fito.