Dennis Ritchie: Yana cikin wayarka, amma ba ka san shi ba

Kai da ke karanta wannan a waya daga Birnin Gwari, ka taɓa jin sunan Dennis Ritchie? Da wuya.

An haife shi a Amurka a 1941. A Bell Labs, shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka fara gina Unix a 1969, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sannan ya ƙirƙiro yaren C, aka sake rubuta Unix da shi a 1973, gyaransa da ɗora shi kan na'urori daban-daban suka zo da sauƙi.

Tsarin Unix ɗin Linus Torvalds ya bi ya fitar da Linux kyauta a 1991, kuma a kan Linux aka gina Android. Ka ga ke nan, duk ranar da wayarka ta maƙale, mai gyara a kasuwa ya yi mata filashin, gadon Ritchie yake taɓawa.

Ya rasu a Oktoban 2011, mako guda bayan Steve Jobs. Duniya ta ɗauka da jimamin Jobs, shi kuwa tsit.

To ɗan'uwa, mabiya kake nema, ko aikin da zai amfani mutane bayan ba ka?