Oskar Barnack: Mai ciwon asma da ya ƙera kyamarar Leica

A watan Yunin 2022 an yi gwanjon wata tsohuwar kyamara a garin Wetzlar na ƙasar Jamus a kan Yuro miliyan 14.4, farashin da ba a taɓa sayen wata kyamara da shi ba kafin lokacin. An ƙera ta ne a 1923, kuma abin da ya ƙara mata daraja shi ne mai ita: Oskar Barnack, mutumin da ya ƙirƙiro Leica.

An haifi Barnack ranar 1 ga Nuwamban 1879 a ƙauyen Lynow da ke yankin Brandenburg. Ya koyi aikin ƙera ƙananan na'urori, ya yi shekaru a kamfanin Carl Zeiss da ke Jena, sannan a 1911 ya koma kamfanin Ernst Leitz a Wetzlar, wanda a lokacin aka fi saninsa da ƙera madubin hangen ƙwayoyin cuta.

Barnack na son fita ɗaukar hoto, amma kyamarorin wancan zamani kaya ne guda: babban akwati, da ƙafafu uku, da farantan gilashi masu nauyi. Ga shi kuma yana fama da ciwon asma. Sai ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi a gicciye, ya ninka girman kowane hoto zuwa milimita 24 da 36. Dabarar ita ce a ɗauki hoton ƙarami, daga baya a faɗaɗa shi a ɗakin wanki. Tsakanin 1913 da 1914 ya kammala samfurin farko.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da aikin. Duk da haka ya ci gaba da amfani da kyamarar, har ya ɗauki hotunan ambaliyar da ta afka wa Wetzlar a 1920. A 1924 Ernst Leitz na Biyu ya yanke shawarar a fara ƙera ta, aka kuma nuna ta a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1925, da gilashin da Max Berek ya tsara.

Inda basirar Barnack ta fi fitowa shi ne a ƙofar haske. Labule biyu ne na ƙyalle mai rufin roba, suna gudu a gaban fim, ɗaya na bin ɗaya. Ta tsagar da ke tsakaninsu haske ke shiga, kuma gwargwadon ƙanƙantar tsagar, gwargwadon gajartar lokacin da hasken zai taɓa fim. Murɗawar da ke jan fim gaba ita ce ke ɗana labulen, don haka da wuya a ɗora hoto kan hoto bisa kuskure. Samfuran farko na da aibi: tsagar ba ta rufewa idan ana murɗawa, dole mai hoto ya toshe gilashin tukuna, in ya manta fim ya ƙone. An gyara wannan kafin a kai ta kasuwa.

A 1932 aka fito da Leica II mai na'urar auna nisa a jikinta. Mai hoto zai ga abu ya rabu biyu, sai ya juya gilashin har biyun su haɗu. Leica III ta biyo baya a 1933, da wani ɗan inji irin na agogo da ke riƙe labulen har tsawon daƙiƙa ɗaya.

Wannan labulen dai shi ne ke fara gajiya a kyamarorin da suka rage a hannun mutane. Robar kan bushe ta tsattsage, sai ɗigon haske ya riƙa bayyana a hotuna. Idan aka bar kyamara tana kallon rana ba murfi, gilashin kan tara zafi ya huda ƙyallen. Man da ke ciki kuma yakan daskare, labule na biyu ya cim ma na farko a hanya, gefe guda na hoton ya yi duhu. Wasu kan shafa baƙar roba mai ruwa a kan hudar, amma wannan faci ne kawai, idan ya yi kauri ma yakan rage wa labulen gudu. Gyaran gaskiya shi ne a kwance ta, a wanke, a sa sabon mai, a sauya labulen da igiyoyinsa, a sake daidaita ƙarfin sifirin. Da yake babu batir ko waya a cikinta, har yau ana samun masu yin wannan aiki.

Ba a daɗe ba aka fara kwaikwayonsa. Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera FED a Kharkiv a 1934, a Japan ma kyamarorin Canon na farko sun bi sawunta.

Barnack bai ga yawancin wannan ba. Ya rasu ranar 16 ga Janairun 1936 a Bad Nauheim yana da shekara 56. Tun 1979, shekarar da zai cika ɗari da haihuwa, kamfanin Leica ke ba masu ɗaukar hoto lambar yabo da sunansa.