Al-Jazari: Injiniyan da ya sa ruwa kaɗa ganga

Kusan ƙarni takwas kafin na'urorin kiɗa na lantarki su shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, wani injiniya Musulmi ya ƙera na'urar da ke kaɗa ganga da kanta.

Shi ne Isma'il ibn al-Razzaz al-Jazari, wanda ya samo laƙabinsa daga yankin Jazira da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat.

Ya shafe shekaru 25 yana hidima a fadar Diyarbakir, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda Sarki Nasiruddin Mahmud ya umarce shi da ya rubuta fasaharsa. Ya kammala littafin a shekarar 1206, ɗauke da bayanin na'urori 50.

Daga cikinsu akwai wani ɗan jirgin ruwa mai mutum-mutumi huɗu: makaɗa biyu, da mai busa sarewa, da mai kiɗan tsirkiya.

Ruwa ne ke zubowa daga wani tanki a kan wata ƙafa mai juyawa, ita kuma ta juya wani sanda da aka kakkafa wa ƙusoshi. Duk ƙusar da ta zagayo sai ta ture hannun makaɗi, ganga ta amsa.

Farfesa Noel Sharkey na Jami'ar Sheffield a Birtaniya na ganin cewa sauya wa ƙusoshin mazauni zai iya sauya salon kiɗan baki ɗaya.

A kan wannan tunani na'urorin tsara kiɗa na zamani suka ginu. Na'urar TR-808, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, tana da maɓallai 16, kuma danna kowane ɗaya tamkar kafa ƙusa ce a sandan al-Jazari. Mai harhaɗa irinta a gida ma abu biyu yake nema: abin da zai riƙe lokaci, da wurin adana salon bugu.

Sai dai hikimarsa da ruwa ba ta tsaya ga nishaɗin fada ba. Na'urori biyar a littafin na ɗaga ruwa ne, ciki har da famfo mai tsotso wanda gudun kogi ke sarrafawa.

Manomin shinkafa ko tumatir a Kura da Bunkure, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, ya san irin matsalar da ya tunkara: kai ruwa gona ba tare da wahalar jigo ba.

Masana da dama na sanya rasuwarsa a shekarar da ya kammala littafin.

Babu ko ɗaya daga cikin na'urorin da ya ƙera da hannunsa da ta kai zamaninmu. Abin da ya tsira shi ne rubutu da zane-zane dalla-dalla, waɗanda Donald Hill ya fassara zuwa Ingilishi a 1974, kuma da su ne injiniyoyi suka sake ƙera wasu daga cikinsu.